Man Tatsa a Bindigar Arap Tuwei

Kimaiyo arap Tuwei bai taɓa cin tsere ba a rayuwarsa. A garin da ko yaron da aka aika sayen gishiri sai ya dawo yana ba da labarin wanda ya wuce a hanya, shi ƙafarsa nauyi gare ta. Da ƙuruciya ya gwada, ya yi ta zuwa na ƙarshe har ya daina jin kunya. Yakan iso yana haki yana dariya, yana tambaya ko an rage masa shayi. Amma duk wanda ya taɓa tashi a guje a filin garinmu, daga waɗanda suka ƙare a bayan shanu har waɗanda hotonsu ya fito a jaridun ƙasashen waje, ƙarar bindigar Kimaiyo ce ta sallame shi.

Aminina ne. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, daji ɗaya muka zauna, don haka ba ma kiran sunan juna, sai dai Bakule, sunan da abokan kaciya ke kiran juna da shi. A fili shi yana layin tashi da bindiga, ni ina ƙarshen layi da agogo. Mai agogo ba ƙara yake jira ba, don ƙara tana makara a hanya. Hayaƙi yake kallo. Saboda haka rabin rayuwata na yi ta ne ina kallon hannun mutumin nan a sama.

Bindigar kuwa ko kaza ba ta kashewa. Bututunta a toshe aka ƙera shi, wuta da hayaƙi ta wata 'yar ƙofa a sama suke fita. Tana da 'yar ganga mai juyawa da ramukan harsashi shida, harsashin kuma na wofi ne, albarushi kawai, ba dalma. Wani malamin wasanni baƙo ne ya bar wa kwamitin wasanni na gari ita lokacin da zai koma ƙasarsu. Kwamiti ya miƙa wa Kimaiyo, domin aiki ne na tsayuwa cikin rana da ruwa, kuma mai ɗaukar hoto ba ya zuwa wannan ɓangaren.

Ya riƙe ta tun gashinsa baƙi har ya zama fari. Ita ta cinye masa kunnen dama, har in za a yi masa magana sai an zagayo ta hagu. A coci yana cikin mawaƙa, yana bin waƙa daga nesa kamar yadda yake bin tsere da can, ba wanda ya iya ce masa ya bari. Yana da 'yar gonar masara, da layukan ganyen shayi a gangare, da shanu kaɗan waɗanda ya san halin kowacce. Ba shi da wani abu bayan wannan, bai kuma taɓa nuna yana neman wani abu ba.

A layin tashi ba ya kiran sunan kowa, ko ɗan wa ne. In ya ga yarinya tana rawar jiki sai ya sauke bindiga ya ce, "Ku miƙe duka, ku girgiza ƙafa. Takalmina ne ya kwance." Ya sunkuya ya ɗaure igiyar da ba ta kwance ba, har sai yarinyar ta samu numfashinta. In wani ya yi satar tashi, harbi na biyu yana bin na farko kafin a ƙifta ido, kowa ya dawo. Ba a taɓa jin bindigar nan ta ƙi tashi a hannunsa ba.

Dalili kuwa ba wani asiri ba ne. Albarushin harsashin wofi yana barin baƙar ƙura mai gishiri, ƙurar ta sha laima, ta fara cin ƙarfe. A ƙasarmu ta hazo da ruwan sama ba ta jiran mako. Don haka duk ranar da aka yi harbi, kafin shanu su dawo daga kiwo, Kimaiyo yana zaune a kan kututture a bayan ɗakin girki da kwano da tsohon burushin haƙori. Ya cire gangar, ya tsoma ta a ruwan zafi mai sabulu, ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da tsumman da ya naɗa a jikin tsinke, har tsumman ya fito fari. Ya ɗauraye da ruwan da ya fi na farko zafi, don ƙarfen ya bushe da kansa. Ya jera komai a kan dutsen murhu. Sannan ya ɗiga man keken ɗinki a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, ɗigo kaɗan, ya goge har ba ka ganin alamarsa. Cikin ramukan harsashi kuwa ko ƙanshin mai ba ya bari ya shiga.

Matarsa, Obot Kibor, wato uwar ɗansu Kibor, ta gaji da faɗa tun tuni, sai dai tsiya.

"Ruwan shayina ne ka ɗauke?"

"Na'am?"

"Na ce ruwan shayina! Kunnen nan naka yana zaɓen abin da zai ji."

"Ki ɗora wani mana, itace bai ƙare ba."

"Kai dai tsoho, da kana wanka yadda kake wa ƙarfen nan, da mutane sun daina matsawa in ka zauna a coci. Kuma man kekena, wa ya ce na saya maka?"

"Ɗigo ɗaya ne, Obot Kibor."

"Ɗigo ɗaya ɗigo ɗaya, kwalba ta ƙare."

Tana faɗa tana miƙo masa ƙoƙon mursik, nonon nan mai tsami da toka, ta tsaya a kansa har ya shanye.

Haka aka yi ta tafiya har shekarar da Wilberforce Chepsiror ya zama shugaban kwamiti. Mutum ne mai kantin maganin dabbobi da takin zamani a bakin kasuwa, mai ciki kamar tulu, wanda ko ruwan sama ne ya kama shi a hanya ba ya iya gudu. Abin da ya sani game da tsere shi ne akwai rumfa, akwai kujerun gaba, akwai lasifika. Aikinsa na farko shi ne ya ɗinka wa 'yan kwamiti kwat masu tambari a aljihu. Na biyu, ya sa aka yi kabad mai gilashi a ofishi aka jera tsofaffin kofuna. Ciyawar fili kuwa tumaki ne suka ci gaba da yankewa.

Abin da ya ɗaure Kimaiyo shi ne, ɗan Chepsiror ne ke auren 'yarsa Jeptanui. A gidansu take, a tukunyarsu take ci. Duk kalmar da uba zai jefa wa surukinsa a kasuwa, a kan 'yar za ta sauka da yamma.

Ana gobe babban tseren shekara, Chepsiror ya zo har gida, ya ajiye mota a bakin hanya don kada laka ta taɓa ta, ya tako yana ɗage ƙafar wando.

"Suruki, an wuni lafiya? Ya shanu?"

"Lafiya lau, suruki. Ya yaran? Obot Kibor, kawo kujera."

"A'a, ba zama zan yi ba. Gobe muna da babban baƙo, wanda zai tsaya mana takara. Shi zai harba bindigar tseren farko. Ka ba ni ita in shirya ta."

"A shirye take."

"Na ce in shirya ta. A kan faranti za a kai masa, da kyalle."

Tun da aka ba Kimaiyo bindigar ba ta taɓa kwana a wani gida ba. Amma ta kwamiti ce, mai kwamiti kuma ga shi tsaye a tsakar gida. Ya shiga ɗaki ya fito da ita a naɗe cikin tsohuwar rigar sanyi, ya warware. Chepsiror ya ɗaga ta da yatsu biyu, ya juya, ya taɓe baki.

"Wannan ce ake ta zuzuta ka a kanta? Dubi yadda ta yi furu-furu kamar ƙafar makiyayi. Mzee, dattijo da kai, duk shekarun nan ko ɗan ƙyalli ba ka iya sa mata ba?"

"Ba ƙyalli take so ba. Don Allah kada a sa mata komai. Harsashin kuma sai da safe, kada ya kwana a ciki."

"To, to, na ji. Ka huta abinka."

A ƙasarmu duk wanda ya tashi a gidan shanu ya san man tatsa, farin man nan mai kauri da ake shafa wa hantsar saniya. Da shi ake shafe jariri, da shi ake laushe takalmi, shi ake sa wa ƙofar da ke kuka da leɓen da ya tsage. Mutumin ƙasarmu in ya ga abu ya bushe, hannunsa da kansa yake zuwa gwangwanin. Chepsiror kuwa yana da shi katan-katan a kanti. Ya zauna ya lafta wa bindigar, ciki da waje, ya cusa a ramukan harsashi da ɗan yatsa, ya tura a bayan kunama da ƙarƙashin 'yar gudumar, sannan ya loda harsasai a cikin man don kada a ɓata wa baƙo lokaci. Ta kwana haka a sanyin tudu.

Da safe fili ya cika. 'Yan makaranta da tutoci, mata da tulunan shayi, tsofaffi a kan bargo. Aka yi addu'a, aka yi jawabi, aka sake jawabi. Sannan aka kawo bindigar a kan faranti tana walƙiya kamar an tsamo ta daga miya. Kimaiyo yana gefe, an tura shi bayan igiya tare da masu sayar da rake. Da ya hango ƙyallin sai ya dafe ƙirji.

Masu gudu suka durƙusa. Babban baƙo ya ɗaga hannu sama, ya juya fuska wajen mai hoto, ya ja kunama. Sai wani ɗan "ƙyas". Man ya daskare, gudumar ta faɗi a hankali kamar mai jin barci. Ya sake ja. Ƙyas. Wani yaro mai dogon wuya a layi na uku ya kasa riƙe kansa, ya kifa da fuska. Dariya ta fara daga wajen 'yan makaranta. Baƙo ya ja na uku, bindigar ta yi wani tari mai laushi, hayaƙi kaɗan ya fito kamar na sigari, rabin masu gudu suka tashi, rabi suka tsaya suna kallon juna. Sai ya sauko da ita kusa da kunnensa yana girgizawa kamar agogon da ya tsaya, yatsansa yana kan kunama. Nan ta ga dama ta tashi. Babban mutum ya yi tsalle ya yar da ita, hularsa ta yi gefe, ya ruga bayan wani ɗan sanda. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce, "Ku ɗauki lokacinsa! Wannan ai shi ya ci!" Fili ya kece.

Kimaiyo bai yi dariya ba. Ya tsallake igiya, ya ɗauki bindigar daga cikin ciyawa, ya kai hanci. Warin man tatsa ba ya ɓuya ga wanda ya tashi da shi. Ya ɗaga kai ya dubi Chepsiror, Chepsiror ya dubi takalminsa. Can bayan rumfa Jeptanui tana zuba wa manyan baƙi shayi, da goyo a bayanta. Kimaiyo ya mayar da idonsa kan bindigar. Ya zazzage harsasan, ya yage gefen hankicinsa ya bi ramukan, ya hura gudumar da numfashinsa har man ya saki, ya ciro busassun harsasai daga aljihun ƙirji.

Yana cikin haka lasifika ta buɗe. Muryar Chepsiror ce.

"Jama'a, muna ba mai girma haƙuri. Kun dai gani da idonku. Kayan aiki ya tsufa, mai kula da shi ya tsufa, kunne ma babu. Mun daɗe muna haƙuri saboda girmamawa. Amma daga yau kwamiti zai karɓi kayansa, kuma na yi alkawari zan kawo bindigar lantarki irin ta manyan filaye!"

'Yan kwat suka tafa. Lasifikar tana ɓangaren hagu, don haka Kimaiyo ya ji komai. Bai juyo ba. Ya ce wa yaran, "Ku miƙe, ku girgiza ƙafa," ya ɗaga hannu, hayaƙi ya tashi fari tas. Haka ya sallami tseren ranar gaba ɗaya, tun daga na 'yan firamare har na manya, harbi bayan harbi, har bindigar ta yi baƙi ƙirin, hannunsa ma haka.

Da aka tashi, Chepsiror ya tare shi a bakin fili ya miƙa hannu.

"Kawo."

"Suruki, bari in wanke ta tukuna. Gobe da safe in kawo maka har kanti."

"Kawo, na ce."

"Yau ta sha harbi. In ta kwana biyu haka, gishirin zai cinye ta. Yamma ɗaya nake roƙo. Ka turo wanda zai zauna ya gan ni in kana so."

"Mzee, abin da ka yi mana yau bai isa ba?"

Kimaiyo ya dube shi ido cikin ido. "Ni na yi?"

Chepsiror ya fizge bindigar ya cusa a aljihun kwat, ya wuce.

Abin da ba mu sani ba sai daga baya, daga bakin matar da ke share ofishi, shi ne: da Chepsiror ya isa can ya ji warin man har yanzu yana tashi, sai tsoro ya kama shi kada wani ɗan kwamiti ya shinshina. Ya kai ta famfo, ya zuba garin sabulun wanki, ya cuccuɗa ta da ruwan sanyi, ya girgiza, ya kwantar da ita jiƙe a kan jan kyalle a cikin kabad, ya kulle. Man da zai ɗan kare ta ma ya wanke shi, ya bar ƙurar albarushi a lunguna ya ƙara mata ruwa.

Washegari Kimaiyo ya sa rigarsa ta coci ya tafi ofishi. A kulle. Ya tafi kanti.

"Makullin yana wurin sakatare," in ji Chepsiror, yana auna wa wata mata maganin kaska.

Sakatare ya tafi birnin Eldoret. Da ya dawo, ya ce makullin yana wurin ma'aji. Ma'aji ya ce ba zai buɗe kabad ba sai kwamiti ya zauna. Kwamiti ya zauna, ya ci nama ya sha lemo, ya tashi bai kai kan maganar ba. Manyan mutane masu furfura, masu kwat, suna jifa da ɗan makulli tsakaninsu kamar yara, don kada a ce sun ji maganar talaka.

Damina ta sauka. Kowace ranar kasuwa Kimaiyo yakan bar buhun masararsa a wurina ya tafi bayan ofishi, ya kare fuska da tafin hannu ya leƙa ta taga. Gilashin kabad ɗin ya yi gumi daga ciki.

"Bakule, ta fara ja a bakin gangar," ya ce mini wata rana.

"Ka bar ni in je in gaya wa garin nan abin da ya shafa mata."

"Na'am?"

"Ka ji ni sarai."

"Na ji. Jeptanui fa? Kai za ka ɗauke ta in sun fara juya mata baya?" Ya share ruwan da ke fuskarsa. "Ni ba aikin nake so su mayar mini ba. Su ba wa wanda suka ga dama. Ruwan zafi kawai take buƙata, Bakule. Ruwan zafi."

Ranakun Asabar in la'asar ta yi, yakan zauna a kan kututturen nan na bayan ɗakin girki, hannu a kan gwiwa. Obot Kibor ta daina tsiya. Wata rana ta sa mayafi ta tafi kantin Chepsiror da kanta, ta tsaya a gaban masu sayayya.

"Suruki, gaisuwa na zo yi. Na ce ba ka da lafiya ne? An ce makulli ya fi ƙarfinka."

"Mama, wannan maganar maza ce."

"To ina mazan? Nuna mini in gaya musu."

Aka yi dariya, amma kabad bai buɗe ba. A makon nan aka hana Jeptanui zuwa gaishe su, ta kuma aiko a ɓoye tana roƙon uwarta ta yi shiru.

Bindigar lantarki ba ta zo ba. Babban baƙon ya faɗi zaɓe, da shi da alkawarin suka ɓace tare. Da tseren makarantu ya zo, sai aka ga shugaban kwamiti da kwat ɗinsa a layin tashi yana buga katako biyu kamar mai korar tsuntsu a gona. Katako ba shi da hayaƙi. Masu agogo muka yi ta dannawa da ka, kowa da lokacinsa. Wani mai horarwa da ya zo daga nesa neman yaran da za a kai karatu waje ya duba lokutan ya ce ba zai iya aiki da su ba, ya shiga motarsa. Iyayen yara suka yi wa ofishi tsinke.

Sai ga Chepsiror a bakin hanyar gidan Kimaiyo, yana ɗage ƙafar wando. Wannan karon ya zauna a kujera, har ya karɓi shayi.

"Suruki, ai mu ɗaya ne. Abin da ya wuce ya wuce. Kwamiti ya duba ya ga a sake ba ka dama."

Ya zaro ƙunshin jan kyalle ya ajiye a kan tebur. Kimaiyo ya goge hannunsa a wando kafin ya taɓa. Kyallen ya manne, sai da ya ɓamɓare shi. Bindigar ta yi ja kamar ƙasar gonarmu. Gangar ta kafe, gudumar ta kafe, 'yar ƙofar hayaƙi ta toshe da tsatsa. Ya daɗe yana kallonta, yana shafa ta da babban yatsa.

"'Yar ƙura ce kawai," in ji Chepsiror. "Ka ɗan goge, Asabar muna da tsere."

Obot Kibor ta ɗauke kofin shayin daga gabansa tun bai shanye ba.

Kimaiyo ya tsoma bindigar a kananzir cikin gwangwani, ya rufe. Kowace safiya bayan tatsa ya ciro ta ya gwada, ya mayar. Ya bi ta da toka da tsumma, ya kankare lunguna da ƙashin kaza don kada ya karce ƙarfen. Asabar ta zo ta wuce, aka buga katako. Bai kula ba. Ranar da gangar ta motsa ya aiko a kira ni. Na same shi a kan kututture fuskarsa duk baƙi, yana murmushi irin na ranar da aka haifi Kibor.

"Bakule, saurara."

Ya juya gangar da yatsa. Ta yi ƙara kamar ana taka tsakuwa, amma ta juya. Ya ɗiga man keke, ya ja gudumar baya a hankali, a hankali. Ta kai rabi. Sai wani abu ya ce "ƙas" a ciki, gudumar ta faɗi sakwaf. Ya buɗe marikin. Sifirin ɗin da ke tunkuɗa gudumar ya karye biyu, tsatsa ta cinye shi har ya zama kamar busasshen ganye. Ɗan ƙarfen da ke tura gangar ma ya zube gari a tafin hannunsa.

Ya tattara gutsattsarin a ganyen masara ya ƙulle.

Ya sayar da ɗan maraƙi ya hau mota zuwa Eldoret. Ya kai wa mai gyaran agogo, ya kai wa maƙeran bakin titi, ya kai wa wani tsoho mai gyaran keken ɗinki. Wani ya yanko masa sifirin daga tarkon ɓera, bai yi ba. Tsohon ya sa tabarau ya leƙa ramukan ya ce, "Mzee, ko an samu sifirin, bangon nan ya ci ya zama siriri. In ka harba, a hannunka za ta fashe. Wa ya yi mata wannan wulaƙancin?" Kimaiyo ya ce, "Damina ce."

Da ya dawo, sai da ya tafasa ruwa ya yi mata wankan da aka hana shi. Ya bi ramukan shida da tsumma har ya fito fari, ya busar da ita a dutsen murhu, ya ɗiga mai ya goge. Ya naɗe ta ya kai kanti, ya ajiye a kan tebur tsakanin buhunan taki.

"Ga kayan kwamiti. Ta mutu. Kada kowa ya sa mata harsashi, za ta ji masa ciwo."

Chepsiror ya warware ya duba, ya juya wajen masu sayayya yana ɗaga gira.

"Kun gani ko? Mun ba shi ita da rai, ya dawo mana da gawa. Ashe dama ba ka iya aikin ba, Mzee."

Kimaiyo ya tsaya ya dube shi. Idonsa ya sauka a kan gwangwanayen man tatsa da aka jera a bayan mutumin har rufi. Ya ce, "Ka gaishe mini da Jeptanui da yaran." Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Bai sake taka filin ba. Ko ranar kasuwa ta bayan coci yake zagayawa. Da sanyin tsakiyar shekara ya shigo, tari ya kama shi, ya ƙi zuwa asibiti, ya ce kuɗin mota ya fi amfani a abincin shanu. Kafin a karya masara ya tafi, da rana tsaka, Obot Kibor tana riƙe da kansa, Jeptanui tana riƙe da ƙafafunsa.

'Yan kwat sun zo jana'iza, suka zauna a gaba. Chepsiror ya karɓi lasifika ya ce garin nan ya yi rashin gwarzo, ya ce shi da kansa ya sha ba marigayi shawara a kan aikinsa, ya ce kwamiti yana tunanin sa wa wani kofi sunansa. Ya kira shi Kimutai har sau biyu, ba wanda ya gyara masa. Bayan nan suka ci ugali, tuwon masarar nan, da naman bijimin da Kimaiyo ya fi so, suka goge baki suka tafi kafin a gama rufe kabari, wai kada ruwa ya tare motar.

Allah ya ba ka hutu, Bakule. Ni ma na mayar musu da agogonsu.